Fatun Layyar Ƙofar Kware

Da Nabila ta ajiye aikin banki ta ce za ta koya wa matan da mazansu suka rasu ɗinkin jakar fata, uwarta Hajjo kwana uku ba ta yi mata magana ba. Rana ta huɗu ta yafa mayafi ta je ta share shagon da kanta.

Mata shida aka tara a Runjin Sambo, suka yi wata biyar suna koyo da guntayen fata. Abin da ake jira Babbar Sallah ce. Fatar layya ba a sayar da ita, sadaka ake yi, to Nabila ta roƙi mutanen Ƙofar Kware su ba matan nan tasu. Fatar rana ɗaya, aikin shekara guda. Ta tanadi buhunan gishiri, ta ɗauko Baba Mode, tsohon majemi, ta ce da an feɗe a kawo.

Hajjo ce ta bi gida gida da saƙon, kuma ta gyara shi a hanya. Ɗiyarta da ta yi jami'a, a jibge mata fata da jini da kashi ran Sallah, gaban mutane?

"Ku wanke ta tas," haka ta riƙa faɗa wa matan gida. "Ku ƙulle a leda don ƙuda. In kun gama suya kun huta, ku aiko."

Wa zai ƙi jin maganar Hajjo? Ran Sallah fata tara kacal ta zo, Baba Mode ya barbaɗe su da gishiri. Nabila ta yi ta buga waya, kowa ya ce suna tafe.

Sai rana ta uku da hantsi Keke Napep biyu suka tsaya ƙofar shago, maƙil da baƙaƙen ledoji. Wata ledar har an ɗaure ta da ƙyalle mai kyau. Matan suka ɗauki guɗa.

"Hajiya, bana ni ma sai na yi layya!" in ji Rifkatu, wadda ta bar aikin girki a wata makarantar kuɗi don ta shigo nan.

"Ke da ba ki azumi? Nama dai kika sani," in ji Hajjo.

"To wa ya ci kazata ran Kirsimeti har ya nemi ƙari?"

Ana cikin dariyar nan Baba Mode ya kwance leda ta farko. Warin ya kori kowa baya. Ya ja gashin, ya biyo hannunsa. Ya danna yatsa, fatar ta huje kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya kwance ta biyu, ta uku, ta goma.

"Innalillahi. Wa yac ce a wanke hwata? Ruwa, ga leda, ga zahin garin ga, kwana ukku? Ai dahwa ta anka yi."

"Baba, in an zuba gishirin yanzu fa?" in ji Nabila.

"Ɗiyata, gishiri tsarewa shikai, ba ya tad da matacce."

Hajjo ta durƙusa ta hau kwance ledoji da hannunta, tana salati, tana laluben ko da ɗaya. Kowace fata an wanke ta, an ninke ta kamar kayan lefe. Ta gane ƙullin Uwani maƙwabciyarta. Ta gane ledar gidan liman. Mutane sun yi mata kara iyakar yi.

"Ni fa ban ce a wanke ba," Nabila ke ta maimaitawa. "Wallahi, Inna, ban ce ba."

"Ni nac ce," in ji Hajjo.

Nabila ta buɗe baki, ta dubi uwarta, ta rufe. Da wani ne ya yi, da ta san abin faɗa.

Rifkatu ce ta matso. "Baba, fata taran can, aikin kwana nawa ne?"

"Ku shida? Sati biyu, in kun yi a hankali."

"Daga nan fa?"

Aikin Rifkatu na girki tun watan jiya aka ba wata.

Hajjo ta tashi, ta zare ɗan kunnenta ta miƙa. Baba Mode ya girgiza kai. Fata ɗari uku ce ta ruɓe, ɗan kunnen ko ashirin ba zai sayo ba.

Maƙwabta suka fara leƙowa suna toshe hanci, suna cewa a kwashe kafin azahar. Masu keken suka ce su ba za su mayar da wannan cikin kekensu ba. Hajjo ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ɗora leda biyu a ka, ta nufi juji. Rifkatu ta ɗauki biyu ta bi ta.

Sun yi nisa kafin Rifkatu ta ce, "Hajiya, Sallar baɗi yaushe ce?"

Hajjo ta san watan, ta san har ranar. Ruwan ledar na bin wuyanta, ta dai ci gaba da tafiya.