Injin Baba Ya Ƙi Totur

Karo na uku ke nan tsohon yana murɗa totur, karo na uku kuma injin ya yi gurnani kamar zai ɗauka, sai ya shaƙe, ya yi tari, ya koma yana ɓararraka a hankali. Kwale-kwalen ya daina tsaga ruwa. Bakanike, wanda ke zaune a tsakiya, ya ƙanƙame katakon zama da hannu bibbiyu.

Shekara goma sha biyu yana gyaran babura da janareto, ya san kukan inji kamar yadda ya san kukan 'yarsa. Amma wannan injin na surukinsa ne, mutumin da ya shekara arba'in yana tsallakar da mutane a kogin nan, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba sa taɓa masa inji. Sun kwana biyu a gidansa, shi da matarsa da 'yarsu Lele, yau kuma da hantsi tsohon ya ce shi zai kai su tsallake su hau mota. Bakanike bai iya iyo ba. Kowa a gidan ya san haka, har tsokanarsa suke yi.

"Baba, lafiya?" in ji matarsa daga gaba, tana rungume da Lele.

"Lafiya lau. Sanyi ya ji." Tsohon bai ko dube ta ba.

Ruwan sama da aka kwana uku ana yi a can sama ya cika kogin ya batse. Ruwan ya yi jajir, yana tafe da rassan itace da ledoji da wata matacciyar akuya da ta wuce su ƙafafu a sama. Bakanike ya kafa ido a kan wata doguwar bishiya da ke tsallake, inda suka nufa. Ɗazu tana gabansu sosai. Yanzu ta koma hannun dama, tana ta komawa baya. Ruwa ne ke tafiya da su, ba inji ba.

Sai ya ji ƙarar. Wani irin rugugi ne mara yankewa, kamar manyan motoci a kan titi mai nisa. Ya san ko mene ne, don matarsa ta taɓa nuna masa daga tudu: madatsar siminti da ta gitta kogin a can ƙasa, inda ruwa ke zuba daga tsayin da ya fi gida.

Tsohon ya jawo gora ya cusa a ruwa. Ta nutse har hannunsa, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya mayar da ita. Ya cire injin daga giya, ya ɗaga ƙafar injin, ya leƙa farfela. Wani tsumman buhu ya naɗe a jikinta. Ya zaro wuƙa ya yanke shi ya jefar.

"Ga ɓarawon nan," ya ce, har da ɗan murmushi.

Bakanike ya so ya yarda, ya so ƙwarai. Amma buhu a farfela ba ya sa inji tari. Tsohon ya mayar da injin ruwa, ya sa giya, ya murɗa. Injin ya ɗauka, hancin kwale-kwalen ya ɗaga, matar ta ce alhamdu lillahi. Ba su yi taku ashirin ba ya sake shaƙewa.

Murmushin ya ɓace daga fuskar tsohon. Ya buɗe murfin injin ya sa hannu zai kwance filogi.

"Baba," in ji Bakanike, muryarsa ta fito siririya har ya ji kunyar kansa. "Don Allah kada a kashe shi. In ya mutu ban tabbata zai sake tashi ba."

"Injiniya ya yi magana." Haka tsohon ke kiransa tun ranar da ya je neman aure. "To, ka san na ruwa ne, ko na tudu kaɗai?"

"Wuta ba ta da laifi, Baba. Da filogi ne, da ko a tsaye ma zai riƙa tsalle. Ji shi, a hankali lafiya yake tafiya. Sai an nemi ƙarfi yake faɗuwa. Mai ne ba ya isarsa."

"Da hannuna na cika tankin nan da safe."

"Na gani. Akwai mai, isowa ne ba ya yi."

Tsohon ya dubi ƙasan kogin. Yanzu har ana hango wani farin hayaƙi yana tashi a inda ruwan ke zuba. Matar ta juya fuskar Lele zuwa ƙirjinta.

"Baba, ka bar shi ya duba," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma tun da Bakanike ya aure ta bai taɓa jin ta ba mahaifinta umarni ba.

Tsohon ya ɗauki filafili, ya matsa gefe. "Zo. Ni zan riƙe mana hanci."

Tsakanin inda Bakanike yake da injin bai fi taku huɗu ba, amma bai yarda ya miƙe tsaye ba. Da rarrafe ya tafi, gwiwoyinsa cikin ruwan da ya taru a ƙasan kwale-kwalen, duk motsin da ya yi sai jirgin ya karkata, ruwan nan ja ya matso kusa da baki. Ya daina kallonsa. Ya sa idonsa a kan jan tankin ƙarfe da baƙin tiyon da ya fito daga cikinsa.

Ya bi tiyon da yatsu tun daga bakin injin, yana neman tsaga ko lanƙwasa. Babu. A tsakiyar tiyon akwai ƙwallon roba da ake matsawa a tura mai kafin a tayar da inji. Ya kamata ya same shi a cike, da tauri. Sai ya same shi a shafe, ya manne kamar wanda aka taka.

Zuciyarsa ta ɗan samu wurin tsayawa. Injin yana zuƙa, tankin ne ba ya bayarwa. Ko dai iska ba ta shiga tankin, ko kuwa hanyar man ta toshe daga ciki. Ya yi addu'a ya zama iska ce. Ya murɗe murfin tankin gaba ɗaya, ya kasa kunne ko zai ji ya yi huci. Shiru. Ya matsa ƙwallon ya saki. Bai taso ba.

"Me ka gani?" in ji tsohon. Yana tuƙi da filafili da dukan ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa sun fito, amma abin da yake iya yi kawai shi ne hana kwale-kwalen juyawa.

"Bututun da ke cikin tankin ne ya toshe. Akwai rariya a ƙasansa, datti ya like ta. Ɗan abin da ke wucewa shi ke riƙe da injin."

"Kwance shi."

Bakanike ya gwada da hannu, ya gwada da filayar da ke cikin gwangwanin kayan aiki. Tsatsa ta cinye wurin, filayar sai zamewa take yi, har ta ɓare masa fatar yatsa. Rugugin ya cika kunnuwansa. Ya ji Lele tana tambayar uwarta ko jirgin ƙasa ne ke zuwa, uwar ta ce e, jirgin ƙasa ne, ki rufe ido. Ya ga a ransa yadda abin zai kasance, hancin jirgin ya leƙa, ya tsaya kaɗan, sannan ya tafi. Filayar ta suɓuce masa ta faɗi cikin ruwan ƙasan jirgin.

"Baban Lele," matarsa ta kira shi. "Dube ni. A gareji kake. Babur ne aka kawo maka."

Ya dube ta. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari, amma idonta na kansa. Ya ja numfashi.

"Baba, ba ni wuƙar nan. Zan yanke tiyon."

"Ka yanke? In ka yanke ai ya mutu ke nan."

"Akwai ɗan mai a cikin kafireto, zai riƙe shi kaɗan. Zan tsoma tiyon kai tsaye ta bakin tankin."

"Kaɗan ɗin nan nawa ne?"

"Ban sani ba, Baba."

Tsohon ya zaro wuƙar da hannu ɗaya ya miƙa masa ta wajen ƙota.

Bakanike ya auna tiyon da ido, ya jawo tankin kusa don tsawon ya isa. Ya yi bisimilla ya yanke daga gindi. Robar ta tsufa ta yi tauri, sai da ya goga sau huɗu. Ya cusa bakin tiyon cikin tankin har ya ji ya taɓa ƙasa, ya ɗan ɗago shi don kada ya zuƙi datti, ya fara matsa ƙwallon. Na farko iska. Na biyu iska. Injin ya fara sassarfa, ƙararsa na raguwa. Na biyar, na shida. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Babu abin da ake ji sai ruwa. Feshinsa har ya fara sauka a fuskokinsu kamar yayyafi.

Bakanike ya ci gaba da matsawa, don bai san abin da zai yi ba in ya daina. A na goma sha wani abu ya ji ƙwallon ya yi nauyi a tafinsa. Ya ƙara biyu, ya yi tauri kamar ɗanyen lemo.

"Ja, Baba."

Tsohon ya yar da filafili, ya kama igiyar ya fizga. Shiru. Kwale-kwalen ya fara juyawa, gefensa ya fuskanci madatsar. Ya sake fizga. A ta uku injin ya kama. Tsohon ya sa giya, ya murɗa totur a hankali, a hankali, Bakanike na durƙushe yana riƙe da tiyon a bakin tanki, kunnensa na jiran tarin nan. Ƙarar ta hau, ta ƙara hawa, ba ta karye ba. Hancin jirgin ya juya ya fuskanci inda ruwan ke fitowa. Da farko kamar a tsaye suke, inji na ja ruwa na ja. Sannan wani reshe da ke tafe kusa da su ya fara komawa baya.

Sun sauka nesa da mashigar da suka nufa, a wata gaɓa mai laka kusa da titi. Matar ta fita da Lele a kafaɗa, ta zauna a ƙasa ta fashe da kukan da ta riƙe. Bakanike ya je bayan wata bishiya ya amayar da duk abin da ya karya da shi.

Da ya dawo ya sami tsohon zaune a bakin jirgin yana kallon tiyon. Tare suka daddage suka kwance bututun, Bakanike na bugawa da dutse, tsohon na riƙe da tankin. Rariyar ta fito baƙa ƙirin, tsatsa da laka sun like ta. Ya wanke ta da fetur, ya mayar, ya haɗa tiyon ya ɗaure da waya, don babu abin matsewa. Ya ja ɗaurin da yatsa. Yana motsi.

"Zai kai ni," in ji tsohon. "Uwarku ita kaɗai ce a gida, ga ciwon ƙafarta."

"Ka bari ruwan ya sauka, Baba," in ji matar.

"Ba zai sauka yau ba, ba zai sauka gobe ba."

Wata motar haya ta tsaya a titi, direban na tambaya ko masu tafiya ne. Bakanike ya ɗauki jakarsu ya kai, ya ɗaga Lele ya sa ta a kujera, ya riƙe wa matarsa ƙofa har ta shiga. Sai ya rufe ƙofar daga waje.

"Baban Lele?"

"Wayar nan za ta iya zamewa. In ta zame yana tuƙi, ba shi da hannu na uku. Gobe zan taho."

Ta dubi mahaifinta can a bakin ruwa. Motar ta tashi.

Ya gangara cikin lakar, ya shiga jirgin da rarrafe ya zauna kusa da tankin, ya kama ɗaurin da hannu. Tsohon ya tura jirgin ya hau, ya naɗe igiyar injin a hannunsa. Bai ja ba tukuna.

"In mun isa," ya ce, yana kallon ruwan, "kada ka gaya wa uwarku inda muka kai."

"To, Baba."

Tsohon ya ja igiyar.