Sawun Taya a Rairayi

A garin Barra de San Cirilo, idan aka ambaci lora, kunkurun tekun nan da ke fitowa yin ƙwai da rana tsaka, to sunan Don Evaristo Zúñiga ne zai biyo baya. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar kwamitin tsaron bakin teku. Da hannunsa ya rubuta allon da ke mashigar rairayi, wanda ya hana gudu da mota daga watan Afrilu zuwa Yuli. Yana da usur, yana da riga mai ruwan lemo, yana kuma da baki. Bara a gaban jama'a ya zare makullin motar Nicanor, direban gonar jatan lande, saboda gudu a rairayi, ya kira shi jaki mai lasisi, ya sa shi ya taka da ƙafa har gida cikin rana.

Sana'arsa kai kifi ce. Titin garin ya daɗe da mutuwa, don haka ta bakin teku yake bi da tsohuwar akori-kurarsa zuwa inda dillalai ke tsayawa. Ran wata Talata a watan Mayu ya kai kifin da wuri, ya juyo. Iska na kaɗawa da ƙarfi tun asuba, tana watsa rairayi a gilashi. Kowane yaro a garin ya san irin wannan iskar ce lora ke jira, shi ma ya sani. Amma babu kowa a bakin tekun, rairayin kuma ya daskare ya yi sumul, sai ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur. Wayarsa ta yi ƙara. Wani abokinsa ne ya turo masa bidiyon akuya da ta hau kan motar 'yan sanda. Yana kallo yana dariya, motar ta yi tsalle, ya ji wani abu ya fashe a ƙasa kamar an taka tukunya.

Ya tsaya, ya fito. Lora ce, launinta ɗaya da rairayin, rabin jikinta a cikin ramin da ta fara tona. Ƙoƙon bayanta ya tsage daga kafaɗa har wutsiya. Ba ta mutu ba. Ƙafafunta na baya suna ci gaba da ɗebo ƙasa suna watsarwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba su sami labari ba.

Lambar Remedios, shugabar sansanin kula da ƙwai, tana cikin wayar da ke hannunsa. Ya dubi kudu, ya dubi arewa. Ba kowa. Ya koma cikin mota ya ja.

Da ya isa gida ya jawo tiyo ya shiga wanke tayar gaba. Matarsa Ofelia ta leƙo daga kicin, hannunta duk ƙullun masara.

"Ikon Allah. Wa zai yi aure?"

"Me kika gani?"

"Shekara nawa rabon motar nan da ruwa, in ba na sama ba?"

"Ƙarnin kifi ne ya ishe ni," ya ce, bai ɗago ba.

Ta tsaya tana kallonsa kaɗan, ta koma ciki. Ta ajiye masa wake da ƙwai da tortiya mai zafi, wato wainar masara, bai iya kai loma biyu ba. Yana zaune a gaban kwanon aka fara buga ƙararrawar coci, bugun nan na sauri wanda ba na ibada ba. Lora sun fito.

Garin duka ya zubo bakin teku. An tashi 'yan makaranta, mai aski ya bar wani da rabin kai. Evaristo ya sa rigarsa ya rataya usur, domin rashin zuwansa ya fi zuwan jawo tambaya.

Rabon da a ga fitowa irin ta ranar an daɗe. Tun daga bakin kogi har inda ido ya ƙare, kawuna ne ke ɓullowa daga kumfa. Suna jan ciki suna haurawa, su tsaya su huta, su ja numfashi da ƙarfi, su ci gaba. Wadda ta sami wuri sai ta tona rami da ƙafafun baya, ta lafe, ƙwai su riƙa gangarawa biyu-biyu, uku-uku, farare masu danshi, ruwa yana bin idonta. In ta gama ta rufe, ta riƙa ɗaga jiki tana dakan ƙasar da ƙirjinta, dum, dum, har mutum ya ji a tafin ƙafarsa. Tsofaffin da suka ga shekarun da lora ta kusa ƙarewa sun zuba ido kawai. Wata tsohuwa tana ta addu'a a hankali.

A da, a irin wannan rana muryar Evaristo ce ke cika wurin. Yau ya tsaya a bayan mutane kamar baƙo. Wani yaro ya matsa kusa da wata lora har yana neman taɓa kanta, uwar yaron ta ce, "Kai, ga Don Evaristo nan, zai cinye ka ɗanye!" Yaron ya waiwayo a tsorace. Evaristo ya ɗaga usur ɗin zuwa baki, ya kasa hurawa.

Can sai ga babur mai taya huɗu na sansanin ya taho daga arewa a hankali. Remedios ce ke tuƙi. Ita ta riƙe wa 'yar Evaristo kyandir ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna compadre da comadre, sunan zumuntar baftisma. A bayan babur ɗin akwai wani abu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ta tsaya daidai gabansa ta yaye.

"Compadre, zo ka ga abin da wani ɗan iska ya yi mana."

Mutane suka taru. Lorar ce, ta mutu a hanya. Remedios ta nuna ɗan ƙarfen shaida da ke maƙale a ƙafarta ta gaba.

"Ni na sa mata wannan, shekara tara ke nan. Sau huɗu tana dawowa." Ta share fuska da bayan hannu. "Da ya kira ni ma, da na same ta da sauran ƙarfi. Sawun ya nuna ya tsaya. Ya fito, ya gani, ya tafi."

Aka shiga tsinuwa. Wani ya ce baƙi ne daga birni. Mai aski ya ce babu baƙon da ya shigo yau, shi da shagonsa ke bakin hanya. Sai wata murya daga baya ta ce, "Ina Nicanor? Ba shi ya wuce da safe ba?"

Nicanor na tsaye a gefe, 'yarsa ƙarama a kan wuyansa, ya kawo ta kallo. Ya sauke ta a hankali.

"Ta titi na bi. Ku tambayi mai gadin gona."

"Ta titi! Wane titin?"

"Ai ba yau ya fara ba."

"Don Evaristo, kai ka san halinsa. Faɗa musu!"

Duk ido ya dawo kan Evaristo. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "A bi a hankali, za a bincika." Ya ji yadda maganar ta faɗi, ya ga yadda mutane suka ɗauke ta: ko shugaba ma bai wanke shi ba. Wani ya tura Nicanor a ƙirji. Yarinyar ta fashe da kuka ta rungume ƙafar ubanta.

Ofelia ce ta matso kusa da Evaristo. Ba ta dube shi ba, teku take kallo. Ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Na leƙa ƙarƙashin motar, Evaristo. Ba ka wanke da kyau ba."

Ya waiwayo ya dube ta, ta ci gaba.

"In ka bari suka taɓa yaron mutane, ni zan faɗa. Gara ya fito daga bakinka."

Ya hura usur. Ƙarar ta fito a karkace, amma an yi tsit.

"Ku ƙyale shi. Ni ne."

Mai aski ya yi dariya, ya ɗauka wata dabara ce ta raba faɗa. Ba wanda ya taya shi.

"Ni na taka ta. Gudu nake yi, ina kallon waya. Na tsaya na gan ta da rai, na tafi gida na wanke taya."

Iska kaɗai ake ji, da dakan ƙasar da lora ke yi a kewaye da su, don su ba abin da ya dame su. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Tsohuwar da ke addu'a ta dube shi ta kau da kai. Nicanor ya ɗauki 'yarsa ya share mata hawaye, ya zo har gabansa.

"To, Don Evaristo," ya ce, "ni jaki mai lasisi ne. Kai fa?"

Bai jira amsa ba, ya ratsa mutane ya wuce.

Evaristo ya cire rigar ya naɗe, ya miƙa wa Remedios tare da usur ɗin. Ta karɓa ta jefa a kwandon babur.

"Dole in rubuta rahoto, da sunanka a ciki."

"Rubuta, comadre."

"Kada ka kira ni haka yau." Ta ciro wuƙa da safar hannu daga jakarta, ta tura masa bokiti da ƙafa. "Zuba rairayi mai danshi a ciki ka riƙe. Ba inda za ka."

Ya durƙusa a gabanta ya riƙe bokitin. Ta buɗe cikin lorar, ta riƙa zaro ƙwan ɗaya-ɗaya tana ajiyewa. Waɗansu sun fashe, gwaiduwa ta gauraya da jini tana bin yatsunta. Masu kyau sittin da uku suka samu. Mutane suka watse suka koma kallon masu rai, sai dai kowa ya zo wucewa sai ya rage tafiya. Da ƙafa ya ɗauki bokitin zuwa shingen wayar da ake sake binne ƙwai saboda karnukan daji. Remedios ta nuna masa wuri, ya tona da hannu har gwiwar hannunsa ta shige, ya jera su, ya rufe.

Hukuma ta ci shi tara, ta hana motarsa hawa rairayi har abada. Kwamiti ya zaɓi wata malamar makaranta a madadinsa. Kifinsa yanzu ta mataccen titin yake bi, tafiyar da ta ninka sau uku. Ya je gidan Nicanor sau biyu don ba shi haƙuri. Na farko aka ce ba ya nan, alhali motarsa na ƙofar gida. Na biyu Nicanor ya fito, ya saurare shi a tsaye, ya ce, "Na ji," ya koma ciki.

Bayan kwana hamsin Remedios ta aiko a gaya wa Ofelia cewa ashirin da bakwai sun ƙyanƙyashe, za a sake su da sassafe, wanda ke son zuwa ya zo. Ofelia ta tafi. Shi ya rako ta har mashigar rairayi, ya hango mutane sun yi layi a bakin ruwa, ya ce mata ta yi gaba zai biyo ta. Yana nan tsaye har suka gama suka fara dawowa, sannan ya juya gida kafin su iso.