Bakancen Hannun Wascar

Hannun dama na ƙanena Wascar bai taɓa zama nasa shi kaɗai ba. A Palo Seco kowa yana da rabo a ciki. Wadda ta taɓa ba shi dakakkiyar agada da safe takan ce ita ta gina hannun, wanda ya ara masa takalmi yakan ce shi ne. Ni da na goye shi ban taɓa cewa komai ba.

Ƙauyenmu na masu saran rake ne, kuma yaranmu suna fara pelota da murfin jarka da sandar tsintsiya tun kafin su iya ɗaura wando. Wasa ne da ɗaya yake jefa ƙwallo daga kan tudu, ɗaya ya buge ta da sanda, in ya kuskure sau uku an kore shi. Wascar bai iya bugu ba sam. Amma in ya yi jifa sai ka ji ƙwallon tana huci. Baba Tiburcio, mai koyar da wasan a filin bayan ma'aunin rake, ya gan shi wata rana yana kaɓo mangwaro da dutse, ya ja shi da kunne har kan tudun jifa. Daga ranar ba a sake bari ya taɓa adda ba. Ko bokitin ruwa ya ɗauka da dama sai wani ya daka masa tsawa daga can tsallaken hanya.

Mamanmu ce ta yi bakancen. Shekarar da Turawan ƙungiyoyin Amurka suka zo gwada samari, ta durƙusa a gaban hoton Budurwa Maryamu a cocinmu, ta ce in aka ɗauki ɗanta, to kowace shekara ranar bikin Budurwa a watan Janairu zai hau tudun Palo Seco ya yi wa ƙauyen jifa a wasan da muke yi da mutanen ƙauyen Guayabal, muddin hannun yana ɗaguwa. Da ƙarfi ta faɗa, kowa ya ji.

Aka ɗauke shi. Mama ta ga biki biyu ta rasu.

Ya yi shekaru a Amurka yana bin ƙananan ƙungiyoyi. In ya kira ni a waya maganarsa ba ta wuce sanyi, da doguwar tafiya a bas, da shinkafarsu marar gishiri. Kowane ƙarshen shekara yakan dawo, ya yi bikin, ya kori 'yan Guayabal ɗaya bayan ɗaya suna dukan iska, a ɗauke shi a kafaɗa. Ya yi ta hawa har ya rage masa mataki ɗaya ya shiga babbar gasa. Shekarar nan ce ƙungiyarsa ta riƙe shi a Janairu don su ƙara gyara masa jifa. Bai zo biki ba. Guayabal ta ci mu. Ba a daɗe da fara wasanninsu ba jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke.

Likitocin can suka ciro wata jijiya daga tsintsiyar hannunsa suka dasa a wurin. Suka turo shi gida, suka ce ya yi haƙuri shekara guda cur, kada ya yi jifa da ƙarfi ko da wasa. Sun ce da yawa sun dawo daga irin wannan aikin sun fi da, kuma gurbinsa yana jiransa. Ni nake haɗa masa ƙanƙara a tsumma. Ina kallo yana jan wata igiyar roba a jikin tagar ɗaki safe da yamma, kamar mai tatsar saniya. Hannun yana warkewa, na gani da idona.

Inna Eufemia, ƙanwar mamanmu, wadda take jan addu'a a kowane gidan makoki, ita ta fara maganar. Ta ce ba wani abin mamaki a ciki: bakance ya sha ruwa, Budurwa ta karɓi abinta, kuma 'yar'uwarta ba ta kwanta lafiya a kabari ba. Kafin mako ya zagayo maganar ta shiga kowane gida. A shagon Pascual ana yi, a bakin famfo ana yi. In Wascar ya wuce sai tsofaffi su tambaye shi jiki, sannan su tambaye shi Janairu.

Na ce masa ya je ya kunna kyandir, ko ya taka har Higüey, inda babban cocin Budurwa yake, ba takalmi, ni ma zan raka shi. Na je wurin Fada, limamin cocinmu, ya ce ana iya sauya bakance da wani abu, Budurwa ba mai karɓar haraji ba ce. Da na kawo maganar gida, Inna ta ce Fadan baƙo ne, bara ya zo, ba ya nan ranar da Mama ta durƙusa. Ta kama hannun Wascar ta ɗaga shi sama a gabana.

“Dilenia, dubi nan. Yana ɗaguwa ko ba ya ɗaguwa?”

Baba Tiburcio ne ya raba gardamar. Ya ce mutum ɗaya kawai zai yi wa jifa, a hankali, kamar ana miƙa wa jariri lemo, sannan ya sauka. Bakance ya cika, hannu bai ji komai ba, Turawa ba za su sani ba. Wascar ya yarda. Da na ci gaba da mita ya rungume ni da hagu yana dariya.

“Yaya, jifa uku ne fa. Kin fi likitan tsoro.”

Ranar biki tun safe ganguna suke tashi, tukwanen romon nama da rogo suna tafasa a gindin bishiyoyi, giyar rake tana zagayawa. Aka fito da hoton Budurwa aka ajiye a kan teburi kusa da filin, Inna ta zauna a gefensa. Mai bugun farko na Guayabal Radamés ne. Rana ɗaya aka gwada su da Wascar, shi ba a ɗauke shi ba, yanzu tarakta yake ja a gonar rake. Ba mugu ba ne, baki ne da shi.

Wascar ya saki ta farko a hankali, kamar yadda aka ce. Radamés bai ko ɗaga sanda ba. Ya miƙa hannu tsirara ya cafe ƙwallon a iska, ya sumbace ta, ya mirgino masa ita a ƙasa.

“Ɗan Amurka, wannan ka kawo wa Budurwa? Kyandir ɗin Eufemia ma ya fi wannan zafi. In kuɗin Turawa ne ya yi maka nauyi, kawo in riƙe maka.”

Filin ya ɗauki dariya, har da namu. Wani daga baya ya ce a kira Dilenia ta yi jifan, ita ce namijin gidan. Sai muryar Inna ta fito, ba da ƙarfi ba, amma an ji ta. Ta ce ba a cika wa Budurwa alkawari da rabin hannu.

Wascar ya dube ni. Na girgiza masa kai. Ya dubi teburin, ya gyara hularsa.

Ta biyu ban gan ta ba, ƙararta kawai na ji a safar hannun mai cafewa, kamar an sare itace. Mutane suka miƙe suna ihu, masu ganga suka ƙara wuta. Baba Tiburcio da ya ce a hankali, shi ne ya fi kowa tsalle. Ya sake sakin wata irinta, Radamés ya daki iska har ya juya. Saura ɗaya a kore shi. Na ga fuskar ƙanena a lokacin, ban ga ta yi haske haka ba tun da ya dawo.

Ta ƙarshe ta fita daga hannunsa ta nufi wani wuri dabam, ta faɗi can kusa da tukwane. Ya durƙusa a kan tudun, ya riƙe gwiwar hannun a cikinsa, bai yi kuka ba. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Radamés yana tsaye, ya dubi Wascar, ya dubi inda ƙwallon ta faɗi. Sai ya ɗaga sandarsa ya kaɗa ta a iska, ba ƙwallo ba komai, ya ce wa alƙalin wasa ya rubuta an kore shi. Ya jefar da sandar ya je ya ɗaga shi.

Inna ta yi alamar gicciye ta ce alkawari ya cika.

Labari ya riga mu isa Amurka, domin rabin filin sun ɗauka a waya. Ƙungiyar ta sallame shi. Ba wanda ya sake yi masa tayin aiki na biyu. A asibitin gari suka yi abin da suka iya, amma ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka mutu, suka lanƙwashe cikin tafin hannu. Adda ba ta riƙuwa. Ya sayi babur ya fara ɗaukar fasinja daga mararraba zuwa gari. Masu rabo a hannun duk suka daina zancensa. In sun hau babur ɗinsa sai su yi masa hirar ruwan sama.

Bai taɓa zagin kowa ba. Ko pelota ake nunawa a talabijin ɗin shagon Pascual, yakan tsaya ya kalla daga bakin ƙofa, injin babur yana aiki. Sau ɗaya kawai ya ce mini da ma ya saurare ni. Na ce masa ya ci abincinsa.

Lokacin saran rake ne, da hantsi, wata babbar mota maƙare da rake ta tsaya ba zato a gabansa a gangaren gada. Birkin gaba a hannun dama yake. Waɗanda suka gani sun ce ya kai hannu, hannun ne bai kama ba. Ya daki bayan motar, bai sake tashi ba. Shi kaɗai ne a kan babur ɗin, wannan kam na gode wa Allah.

Radamés ne ya kawo kujerun makoki a bayan tarakta, ya yi kwana taran makokin yana zuwa. Inna ta ja addu'a kamar kullum. A rana ta ƙarshe ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, ko ba komai ya tafi ba a binsa alkawari. Na cire hannunta daga kafaɗata na shiga ɗaki.

Ni na yi masa wanka kafin a sa shi a akwati. Na so in haɗa masa hannuwa a ƙirji yadda ake yi wa kowa, in sa masa carbin Mama a tsakani. Na yi ta jan yatsun nan biyu da ruwan ɗumi, sun ƙi miƙewa. Sai na sa masa carbin a hagu.