Fiton Kaka

"Kaka, fitsari," in ji Tongtong, daidai lokacin da jirgin saman ya fara gangarowa.

Tang Guifen ta kwance bel za ta miƙe, sai ma'aikaciyar jirgin ta taho ta dafa kafaɗarta.

"Inna, yi haƙuri ki zauna. An rufe banɗaki sai mun sauka."

"'Yar nan, mararsa za ki gaya wa, ba ni ba."

Duk da haka ta koma ta zauna. Tun yana jariri yaron yake hannunta a ƙauye, uwarsa Lirong da ubansa suna aikin masana'anta a birnin Shenzhen. Da wando mai tsaga ta rene shi, kamar kowane ɗan ƙauyen: ta ɗaga shi a bakin lambu, ta yi masa fito a hankali, ya saki fitsarinsa. Watan jiya Lirong ta bugo waya ta ce gidan renon unguwarsu zai karɓe shi, amma sai in ya iya riƙewa cikin rufaffen wando. In bai iya ba, ya ƙara shekara a ƙauye.

Guifen ba ta iya aikin ha'inci ba. Ta sayo jan fo a kasuwa, ta zage ta koya masa, ja'irin kuwa ya ɗauka kamar da ma jira yake. Sai da ya ƙware ta gane da hannunta ta shirya rabuwarsu.

Yanzu ga su a hanyar kai shi wurin uwarsa, ga shi yana mutsu-mutsu a kujera, ya matse cinyoyi, goshi duk gumi. Wani tunani ya zo mata wanda ita kanta ta ji kunyarsa. Fito ɗaya ya isa. Jikinsa ya san sautin fiye da yadda ya san sunansa. Wando zai jiƙe, Lirong za ta taɓa ta ce da saura, su koma gida tare a ƙara shekara. Wa zai ji fiton tsohuwa cikin wannan rugugin? Ta tattara leɓɓanta.

Tongtong ya ɗago ya ɗora ɗan tafin hannunsa a bakinta.

"Kar ki yi, Kaka. Ina riƙewa. Mama za ta ce na girma."

Hannun yana warin dafaffen ƙwan da ta ɓare masa. Ta haɗiye iskar.

"Riƙe, ɗan nema. Ai ka fi kakanka, shi har ya mutu bai iya ba."

Ya yi 'yar dariya, ya ƙara matsewa.

Da aka buɗe ƙofa ta saɓa shi a kafaɗa, leda a hannu, ta bi ayarin mutane ba ta ko duba allunan ba, har ta faɗo wurin masu tarya. Lirong ta rugo ta karɓe shi. Tun kafin ta gaida uwarta ta kai hannu ta shafa wandon.

"Mama, a bushe yake. Kai, sannunki da aiki." Sai ta ga ledar. "Har fo kika ɗauko a jirgi? Ai mun sayi namu."

Ta shige da shi banɗakin mata, ta tura ƙofa. Guifen ta tsaya a waje tana saurare. Shiru. Ta ji Lirong tana lallashinsa, yi mana, yi mana. Bai saba da irin wannan masai ba, kuma Lirong ba ta iya fito ba tun tana yarinya. Daɗi ya ɗan tsarga wa tsohuwar, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta matso jikin ƙofar, ta jiƙa leɓe, ta ja numfashi.

Kafin ta busa, ta ji ƙarar fitsari yana zuba cikin ruwa.

"Kaka," ya kira daga ciki, muryarsa cike da murna, "kin ji? Ni kaɗai na yi."

"Na ji," ta ce. Ta sauya wa ledar hannu, ta ja gefe ta ba wata mata hanya.