Layi Biyar da Aka Yanke

Henrike Vollbrecht na tsaye a kan Ottmar, mai tsara shafuka, tana nuna masa da jan biro inda za a rage wani dogon sharhi, sai ƙararrawar ƙofar ƙasa ta yi ƙara. Ottmar ya danna maɓallin buɗewa ba tare da ya tambayi ko wane ne ba. Ofishin mujallar a hawa na huɗu yake, cikin wata tsohuwar masana'anta a Berlin, kuma da ƙafa ake hawa, don haka duk baƙon da ya iso yakan iso ne yana haki.

Wannan ma da haki ya iso. Dattijo ne kakkaura, ya kai shekara sittin da biyar, hularsa a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ambulan.

"Ina Gesine Rademacher?" ya tambaya, ko gaisuwa babu.

Henrike ta ɗago. Ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, amma ta san fuskar fiye da ta wasu danginta, don ita ta zaɓe ta ta sa a bangon mujallar watan jiya. Eckhard Prahl ne, manomi mai kiwon shanu a wani ƙauyen arewa. A ƙarƙashin hoton, da manyan baƙaƙe, ita ta rubuta: A DAWO DA RUWAN.

Gesine ta miƙe daga dogon teburin da ake taron Talata. Ita ba ma'aikaciyar ofis ba ce, rubutu take kawowa a biya ta. Shekara ashirin tana yawon ƙauyuka da tsohuwar motarta, kuma manoman da ko ganin mujallar muhalli ba sa son yi suna buɗe mata ƙofa, saboda an san ba ta karkata maganar mutum.

"Malam Prahl, sannu da zuwa. Da ka sanar da ni, ai da na taro ka a tasha."

"Da na sanar da ke, da na tarar kin fita," ya ce. Ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

Labarin ba ɓoyayye ba ne a wurin kowa a ɗakin. Gonakin ƙauyen su Prahl asalinsu fadama ce mai taɓo, iyayensu suka haƙa magudanai suka janye ruwan har ta zama makiyaya. Yanzu masana sun ce busasshen taɓon yana fitar da iskar da ke ɗumama duniya, gwamnati na so a toshe magudanan ruwa ya koma. Ƙauyen ya ce allambaram. Gesine ta kwana uku a gidan Prahl tana hira da shi. Kamar yadda ake yi a nan, kafin a buga sai da aka mayar masa da hirar ya karanta, ya gyara, ya sa hannu. Bayan sa hannu kuwa ko waƙafi ba a taɓawa. Henrike ce take koya wa sababbin ma'aikata wannan doka a ranarsu ta farko, har da buga tebur.

Sai dai ranar Alhamis ɗin da za a tura mujallar maɗaba'a, da ƙarfe huɗu na yamma, rubutun ya fi shafin da layi biyar. Ko a rage hoton fadamar, ko a rage maganar. Hoton kuwa ya yi kyau matuƙa. Henrike ta duba, ta ga dattijon ya faɗi abin da take so a jimlar farko, sauran a ganinta kame-kame ne irin na tsofaffi. Ta ja layi a kai. Ta ce a ranta za ta kira Gesine ta sanar da ita. Ba ta kira ba, washegari ma ba ta kira ba, daga nan kuma kiran ya yi mata nauyi.

Prahl ya zaro takarda daga ambulan, ya shimfiɗa a tebur, ya sa tabarau.

"Ga abin da na sa wa hannu. Ku saurara, tunda ku masu karatu ne." Ya bi layin da yatsa. "'A dawo da ruwan. Amma ba ni kaɗai zan yanke wannan ba. Magudanar da ta bi gonata ita ta bi ta maƙwabtana shida. In suka ce a'a, ni ma a'a ce, ko da na san kuskure muke yi. Ba zan jiƙa gonar wani don a tafa mini a birni ba.'" Ya cire tabaran. "To, ina sauran? Kurege ne ya cinye a hanya?"

Ba wanda ya yi dariya. Henrike ta tashi ta ɗauko tulun kofi ta zuba masa.

"Malam Prahl, ni ce babbar edita a nan, sunana Vollbrecht. Mun ji takaicin abin da ya faru ƙwarai."

"Kun ji? Bari in faɗa miki abin da ya faru, sai ki ji da kyau. Ba wanda ke sayen mujallarku a garinmu, Malama Edita, ko kifi ba ma naɗewa da ita. Amma wani ya ɗauki hoton bangon da waya, kafin azahar kowa ya gani. Shekara talatin da takwas ina cikin 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin. Ranar Asabar na je atisaye, na tarar an cire sunana daga jikin akwatin kayana. Injin yankan ciyawa da muka haɗa kuɗi mu bakwai muka saya, da layina ya zo sai aka ce ya lalace. Da yamma na ji shi yana aiki a gonar maƙwabcina, lafiyarsa ƙalau. Matata ta shiga shagon burodi, mata uku suka yi shiru kamar an yi mutuwa."

Ya juya ga Gesine, muryarsa ta sauka, abin da ya fi tsawa ciwo.

"Ke kuma, a ɗakin 'yata muka kwantar da ke. Matata ta toya miki kek ɗin tuffa har sau biyu. Na ce miki ni ban yarda da 'yan jarida ba, kika ce in yarda da ke."

Gesine ba ta kalli Henrike ba. Da ta kalle ta da ya fi sauƙi. Hannayenta kawai ta haɗa a kan tebur.

"Haka na ce. Kuma sunana ne a kan rubutun, Malam Prahl. Ba ni da bakin magana."

Nan ne gurbin da Henrike ya kamata ta shiga. Ta ga gurbin sarai, ta ji kalmomin a kan harshenta, gajeru ne, ko yaro zai iya faɗa. Amma shekara goma sha tara tana gyara maganganun mutane, bakinta ya saba da wata irin murya mai santsi da ba ta kama kowa, kuma ita ce ta fito.

"Da alama an samu tangarɗa ne a matakin ƙarshe na tsara shafi," ta ji kanta tana cewa. "Za mu bincika mu ga yadda aka yi. A fitowa ta gaba za mu sa gyara a shafi na huɗu, tare da cikakkiyar maganarka."

Ottmar, wanda a gabansa aka ja layin ranar Alhamis ɗin, ya sunkuyar da kai yana goge tabaransa da gefen riga. Henrike ta sake ɗaukar tulun ta ƙara wa baƙon kofi a kofin da ko kurɓa bai yi ba.

"Tangarɗa," Prahl ya maimaita, yana juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa. "Mu a wajenmu in shanu suka shiga gonar wani, ba ma cewa an samu tangarɗa a matakin shinge. Wani ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma yana da suna." Ya ninke takardarsa. "Shafi na huɗu. Wa zai ɗauki hoton shafi na huɗu ya yaɗa? Ku riƙe gyaranku."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayi Gesine.

"Kada ki ƙara zuwa wajenmu. Ba don ni ba, don lafiyar tayoyin motarki. Kuma na gaya wa na ƙauyukan gaba, kada ki wahalar da kanki."

Aka ji takunsa yana sauka, hawa bayan hawa. Gesine ta fara tattara takardunta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa. Abin da aka rufe mata yanzu ba ƙofar gida ɗaya ba ce, hanyar cin abincinta ce ta shekara ashirin, kuma kowa a wurin ya san haka.

"To, mu koma kan sharhin?" Henrike ta ce, don ta ce wani abu.

"Layi nawa za a cire?" Ottmar ya tambaya. Bai faɗa da gatse ba, aikinsa yake yi, amma ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce mai rubuta sharhi duk wata tana kiran ministoci matsorata, tana cewa kowa ya ɗauki alhakin abin da ya aikata. Laifi tudu ne, ta daɗe tana taka nata tana hango na wasu.

Ta ajiye biron ta fita, ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Bibbiyu take tsallake matakalan. Ta same shi a tsakar ginin, tsakanin kekunan ma'aikata, yana neman ƙofar fita titi.

"Malam Prahl! Dakata, don Allah."

Ya tsaya, ya sa hularsa.

"Ni ce," ta ce, numfashinta na sarƙewa. "Ba tangarɗa ba ce. Ni na yanke layukan, bayan ka sa hannu. Gesine ba ta sani ba sai da ta ga an buga. Hoton ne ban so in rage ba."



"Hoto," ya ce. "Na ɗauka ma wani babban dalili ne, siyasa ko wani abu. Ashe hoto."

Da zagi ya yi da ta fi samun abin riƙewa. Ta ce, "Zan rubuta da sunana, a shafin farko."

"Ki rubuta a inda kika ga dama. Ni ba ni za ki gaya wa ba, na riga na ji. Ranar Juma'a ƙarfe shida akwai taro a zauren 'yan kwana-kwana kan maganar magudanan nan. Mutum arba'in, ko fi. Ki zo ki tsaya a gabansu ki faɗa da bakinki, yadda kika faɗa yanzu, ba da waccan muryar ta sama ba."

Juma'a da yamma an gayyace ta wani babban taro a tsakiyar birni, za ta yi jawabi kan yadda masu kare muhalli za su koyi sauraron mutanen karkara. Har ta buɗe baki za ta ambata, kunya ta rufe mata shi.

"Zan zo."

"Ba za su tafa miki ba, in gaya miki tun yanzu. Kuma ban ce za su mayar mini da sunana ba. Mutanenmu in sun ƙulla abu sai a hankali." Ya gyara ambulan a hammata. "Motar ƙarshe daga tashar jirgi zuwa garinmu ƙarfe biyu take tashi, kuma babu ta dawowa sai Litinin. Ki nemi mai kawo ki."

Ya fita titi, ƙofar ƙarfen ta rufe a bayansa.

Hawan ya fi saukar tsawo. A bakin ofis ta ci karo da Gesine, ta riga ta sa rigar sanyinta, jaka a kafaɗa.

"Gesine, ni..."

"Na sani. Tun ranar da ta fito na sani, sunanki na nan a gefen gyaran cikin kwamfuta. Mako uku ina jiran wayarki."

"Me ya hana ki gaya masa?"

"In ce masa me? Mutanen da na kai maganarsa wurinsu ba su da amana? Ai ni na kai." Ta ja zif ɗin rigarta har wuya. "Me ya ce miki?"

Henrike ta faɗa mata. Gesine ta kalli matakala.

"Ranar Juma'a ƙarfe biyu da rabi zan tsaya a ƙofar gidanki. Awa uku ce tafiyar. Kada ki ba ni haƙuri a mota, ba na so, rediyo zan kunna. Ki tanadi abin da za ki ce musu."

Ta sauka. Henrike ta shiga ta wuce Ottmar, ta zauna a teburinta, ta jawo farar takarda. Ta rubuta: Ni na yanke maganar Eckhard Prahl bayan ya sa hannu, na sa ya zama maƙaryaci a idonku. Ta karanta. Jimlar ta yi mata tsauri, kuma nan take ta hango wuri biyu da za a iya sassauta ta, har hannunta ya kai kan jan biron. Ta ɗauki biron, ta buɗe aljihun tebur ta jefa shi ciki, ta tura ta rufe.