Neman Gafarar Tirta

Da hantsi saƙon Tirta ya shigo zauren WhatsApp na sababbin ɗalibai: "Duk wanda na ɓata wa, ya yafe mini."

Nan da nan tsokana ta ɓarke. Pandu ya rubuta, "Sallah da saura wata biyar, malam. Ko wainar wani ka cinye?"

Galuh, 'yar aji uku da aka ɗora wa kula da su, ba ta yi dariya ba. A tsibirinsu na Jawa ba a neman gafarar jama'a haka kawai, sai ranar Sallah ko in mutum zai yi tafiyar da ba dawowa. Shekaranjiya Tirta ya gaya mata ya faɗi jarrabawa uku, ga shi babansa ya tara ƙauye guda ya yi walima da ya samu gurbin karatu. "Mbak Galuh, yayata, don Allah kada kowa ya ji," in ji shi. Ta rantse masa.

Ta kira wayarsa, a kashe. Gida zai koma, ko wani abu zai yi wa kansa? Ta rubuta a zauren: "Ku bar wasa. Tirta ya faɗi jarrabawa. Ku neme shi yanzu."

Can Pandu ya ce, "Ni ma na faɗi biyu. Na tafi tasha."

A tashar bas Pandu ya samu Tirta da jakarsa. Tirta ya dawo aji ranar Litinin, amma ko sun haɗu a hanya, ba ya gaishe da Galuh.