Ridwanu Ya Ƙi Rage Shekaru

Mutanen da suka san besbol a Agege ba su da yawa, kuma yawancinsu dalilin Ridwanu suka sani. Haifaffen unguwar ne, jikan tsohon soja, yana jin Yarbanci kamar Hausa. Daga Litinin zuwa Juma'a yana sauke kankana a kasuwar Mile 12. Asabar da Lahadi kuwa sai ya hau danfo, motar haya, zuwa filin wata makaranta a Abule Egba, inda ƙungiyarsu take atisaye.

Aikinsa a wasan shi ne jifa. Zai tsaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo mai tauri, wani kuma yana riƙe da sanda yana ƙoƙarin dukanta. In mai sanda ya kuskure sau uku, ya fita. Ridwanu bai fara wasan ba sai da ya kai shekara goma sha tara, amma cikin shekara tara ya zama wanda kowa yake shakkar tsayawa a gabansa. Yana da wata jifa da take tahowa miƙe, sai ta zo dab da mutum ta nutse ƙasa.

Wata Asabar, mai horar da su, Koci Isma'ila, ya ja shi gefe. Ya ce wani mai neman 'yan wasa zai zo daga Japan, kuma waɗanda ba su wuce shekara ashirin da uku ba kawai yake so. Sai ya zaro takarda daga jaka.

"Na shirya maka komai. Daga yau shekarunka ashirin da ɗaya. Sa hannu a nan."

Ridwanu ya karanta, ya mayar masa. "Koci, shekaruna ashirin da takwas."

"Kowa haka yake yi. Kai ne za ka gyara duniya?"

"Hanan 'yata tana aji biyu a firamare. In ce musu ina ɗan shekara goma sha huɗu na haife ta? Kuma takardar rantsuwa ce wannan, da sunan Allah a ciki."

"To ka ci gaba da ɗaukar kankana har bayanka ya karye," in ji Koci, ya ninke takardar.

A gida, matarsa Hafsa ta saurare shi tana yanka alayyahu. "Baban Hanan, na so ka tafi, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Amma ba na son ranar da za a kama ka a ƙasar mutane. Ka je filin dai, su gan ka."

Ranar gwaji babu sunansa a jerin. Koci ya ce tunda ya zo, sai ya yi wa masu duka jifa, amma a hankali, yadda za su samu su doka, baƙon ya yaba. Ridwanu ya nufi inda 'yan ƙungiyarsu suke zaune, su tara, ya tsaya a gabansu.

"Ina gaya muku tun yanzu, kada a ce na ci amanar kowa. Jifan gaske zan yi. Wanda ya doka, da hannunsa ya doka."

Na farko ya kai duka sau uku bai taɓa ƙwallon ba. Na biyu ma haka. Koci ya fara daka tsawa daga bakin fili, da Hausa da Yarbanci, yana cewa ya sassauta. Ridwanu ko waiwaye bai yi ba. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, gwiwar hannunsa ta fara zogi, ya ci gaba. Na bakwai, wani dogo mai suna Sharif, ya gano jifar nan mai nutsewa, ya maka ta har ta haura katangar makarantar. Ridwanu ya cire hula ya ɗaga masa. Sauran biyun suka fita yadda na baya suka fita.

Baƙon ya taho da tafintansa har kan tudun. Ya ce na'urarsa ta nuna gudun ƙwallon ya kai kilomita ɗari da arba'in a awa. Sai ya tambayi shekarunsa. Koci ya matso da sauri zai yi magana, Ridwanu ya riga shi.

"Ashirin da takwas. Watan gobe in cika ashirin da tara."

Mutumin ya girgiza kai, ya ce abin ya ba shi takaici, amma ƙa'idar ba tasa ba ce. Sharif kaɗai ya ɗauka. Kafin motar baƙon ta fita daga ƙofa, Koci ya ce Ridwanu ya tuɓe rigar ƙungiya, kada ya sake taka filin.

"Ga rigarka," in ji Ridwanu, ya ajiye ta a kan benci. "Hannun nawa ne, da shi zan tafi."

Wata huɗu ya yi ba ƙungiya. Kullum in ya tashi daga kasuwa sai ya jingina tsohuwar katifa a bango, ya yi jifa sittin. Daga baya wata ƙungiya a Ibadan ta karɓe shi, yana tafiya Asabar ya dawo Lahadi. Sharif ne, daga can Japan, ya tura bidiyon jifan Ridwanu ga wani koci a Afirka ta Kudu. Ridwanu yana da shekara talatin da ɗaya ƙungiyar kocin ta kira shi, ya yi mata kakar wasa biyu ana biyansa, kafin likita ya ce jijiyar gwiwar hannun ta yage.

Ya dawo Agege aka yi masa aiki. Likitan ya ce ya manta da jifa. Ridwanu ya tambaye shi wata nawa hannun zai yi kafin ya warke, ya ce goma sha huɗu. A wata na goma sha biyar ya kira ƙungiyar Ibadan, ya ce su sa sunansa a wasan Asabar. Ya fitar da mutum biyar, amma aka cinye ƙungiyarsu da ci uku da biyu. A mota yana dawowa ya kira Hafsa ya ce ta tanadar masa ƙanƙarar da zai ɗora a hannun, mako mai zuwa akwai wasa a Ilorin.